Sharhi: An haramta tatsar maɗaciyar beyar, amma wa zai ciyar da waɗanda aka tatsa?

Ranar 1 ga watan Janairun 2026 wata doka ta fara aiki a Koriya ta Kudu, wadda ta haramta kiwon dabbar beyar domin ɗibar maɗaciyarta. Ƙungiyoyin kare dabbobi sun yi murna, kafafen labarai na duniya suka yayata. Sai dai a ranar da dokar ta fara aiki, kimanin beyar 200 na nan cikin kejin ƙarfe a gidajen kiwon da aka haramta, saboda babu inda za a kai su. Wurin ajiyar da gwamnati ta gina a gundumar Gurye da ke kudancin ƙasar bai iya ɗaukar fiye da 50, na biyun da aka tsara a Seocheon kuwa bai kammala ba.

Wannan shi ne ɓangaren labarin da ba a cika nunawa ba. Bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok yakan tsaya ne a lokacin da aka buɗe keji, dabbar ta taka ciyawa karon farko, masu kallo su yi ta tura alamar hawaye. Nauyin gaske yana farawa ne washegari, kuma yana iya ɗaukar shekara 10 ko 20. Har yau mafi yawan wannan nauyi yana kan ƙungiyoyi masu neman taimako, alhali gwamnatocin da suka ba da lasisin sana'ar su ne ya kamata su ɗauke shi.

Mene ne ake tatsa, kuma don me?

Beyar, wadda duk wanda ya yi lakwal ya sani da sunan ours a Faransanci, ba ta rayuwa a dazukan Afirka. Wadda aka fi kiwo domin maɗaciya ita ce baƙar beyar ta Asiya, mai farin tabo a ƙirji kamar jinjirin wata. Babban namiji yakan kai kilo 150 ko fiye, kuma a daji tana yawo mai nisa, tana hawan itatuwa tana neman ƴaƴan itace, ƙwari da zuma.

Amfani da maɗaciyarta tsohon abu ne a maganin gargajiya na ƙasar Sin. Akwai shi a rubuce cikin wani littafin magunguna na zamanin daular Tang, na shekarar 659. A da sai an kashe dabbar a daji kafin a samu. A farkon shekarun 1980 ne dabarar tatsar ta da rai, wadda aka fara a Koriya ta Arewa, ta shiga Sin, daga baya sana'ar ta bazu zuwa Biyetnam, Laos da Myanmar.

Hanyoyin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wasu gidajen kiwo na Sin an riƙa dasa bututu a cikin dabbar har ya isa maɗaciya, wani lokaci a ɗaura mata sulken ƙarfe don kada ta fizge shi. Daga baya aka koma yin tiyata a buɗe wata ƴar kafa a ciki wadda ba a barin ta ta warke, ana zura ƙarfe kullum ruwan ya ɗiga. A Biyetnam akan yi mata allurar sa barci, a nemo maɗaciyar da na'urar hoton ciki, a soka doguwar allura a zuƙe. A Koriya ta Kudu kuwa doka ta yarda a yanka ta idan ta cika shekara 10 a cire maɗaciyar gaba ɗaya. Mafi munin kejin da aka gani shi ne wanda bai fi jikin dabbar ba, ba ta iya miƙewa tsaye, ba ta iya juyawa.

Masu kare sana'ar suna da hujja ɗaya ta gaskiya: ruwan yana magani. Akwai wani sinadari a cikinsa da likitoci ke taƙaita sunansa da UDCA, wanda ke narkar da wasu tsakuwoyin maɗaciya, yana kuma taimaka wa masu wasu cututtukan hanta. Amma tun cikin shekarun 1950 masana a Japan suka gano yadda ake haɗa shi ba tare da beyar ba, kuma yau kamfanonin magani suna yin sa da yawa, galibi daga maɗaciyar shanun da aka riga aka yanka a mahauta. Ana sayar da shi a kantunan magani na duniya da takardar likita. Mai ciwon hanta ba ya bukatar a kulle wata dabba shekara 20 kafin ya samu magani.

Abin da likitoci ke tararwa bayan an buɗe keji

A 1993 wata ƴar Birtaniya mai suna Jill Robinson ta shiga wani gidan kiwo a kudancin Sin, ta ga abin da ake yi. A 1998 ta kafa ƙungiyar Animals Asia, kuma a 2000 ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniya da hukumomin Sin kan ceto beyar 500. Aka gina wurin kula da su kusa da birnin Chengdu a lardin Sichuan, sannan wani a Tam Dao, arewacin Biyetnam. Wasu ƙungiyoyin ma sun shigo: Free the Bears ta Ostareliya tana da wurare a Kambodiya, Laos da Biyetnam, Four Paws kuma ta buɗe nata a Ninh Binh.

Beyar ɗin da ke isa waɗannan wurare marasa lafiya ne. Likitocin dabbobi sun sha bayyana abin da suke gani: maɗaciya ta kumbura ta lalace har sai an cire ta, ruɓa a cikin ciki, sankarar hanta, makanta, hawan jini, gaɓoɓin da suka sandare don rashin motsi. Haƙora sun kakkarye saboda cizon ƙarfen keji, wasu kuma da gangan aka yanke musu fiƙa da farata. Akwai masu dungu, alamar cewa tarko ne ya kamo su daga daji. Da yawa suna ta kaɗa kai hagu da dama ba tsayawa, irin abin da dabba ke yi idan ƙunci ya taɓa mata hankali.

Aikin gyara yana tafiya ne a hankali. Ana killace sabuwar zuwa na makonni, a yi mata gwaje-gwaje da tiyata, a canza mata abinci kaɗan-kaɗan. Daga nan a ba ta ɗaki mai faɗi don ƙafafu su koyi ɗaukar jiki. Wata takan yi kwanaki ko makonni tana leƙen ƙofar fili kafin ta yarda ta fita. Ma'aikata kan ɓoye abinci a cikin kututture ko saman itace don ta koyi nema da hanci. Sannan a haɗa ta da sauran ƴan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ana lura kada faɗa ya ɓarke.

Kusan dukansu ba za su taɓa komawa daji ba. Dabbar da ba ta da haƙora, ko ba ta gani, ko ta saba karɓar abinci daga hannun mutum, sakin ta a daji hukuncin kisa ne gare ta, haɗari ne kuma ga ƙauyukan da ke kusa. Beyar kuwa takan kai shekara 30 a hannun mutane. Wani namiji da aka laƙaba wa suna Oliver ya yi kimanin shekara 30 a gidajen kiwo kafin a ceto shi daga lardin Shandong a 2010, ya kuma rayu shekara 4 a Chengdu kafin ya mutu a 2014. Wanda aka ceto yana ɗan shekara 10 yana iya bukatar abinci, magani da ma'aikata na wasu shekaru 20.

Misalin birnin Nanning ya nuna girman wannan kaya. A 2014 Animals Asia ta karɓi ragamar wani gidan kiwo mai beyar kusan 130 a can, aka daina tatsa. Sai a 2021 aka iya kwashe 101 da suka rage zuwa Chengdu, tafiyar fiye da kilomita 1,200 a manyan motoci. Shekara 7 ke nan domin gida ɗaya tak, a ƙasar da ƙungiyoyin kare dabbobi suka ƙiyasta akwai beyar fiye da 10,000 a gidajen kiwo, kuma sana'ar halal ce a doka har yanzu.

Darasin Biyetnam

Biyetnam ce ake yawan bugun ƙirji da ita. A 2005 hukumomi suka ƙidaya beyar sama da 4,000 a hannun masu kiwo, aka saka wa kowace ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata domin a gane idan an shigo da sabuwa daga daji. Tatsa haramun ce a doka. Amma da yake gwamnati ba ta da wurin kai dubban dabbobi, sai aka bar su a hannun masu su da sunan riƙo kawai. Kowa ya san abin da ya biyo baya: ana tatsa a ɓoye. A lardin Quang Ninh, kusa da mashigin ruwan Ha Long, har motocin ƴan yawon buɗe ido aka riƙa kaiwa gidajen kiwo suna sayen ruwan da ɗuminsa.

A 2017 gwamnati ta sa hannu da Animals Asia kan kawo ƙarshen sana'ar baki ɗaya, a 2023 kuma aka buɗe sabon wurin ajiya a gandun dajin Bach Ma. Yau abin da ya rage a gidajen kiwo bai kai 300 ba. A takarda wannan gagarumar nasara ce.

Sai dai lissafin yana da ɗaci. Daga cikin sama da 4,000, waɗanda suka isa wuraren ceto ɗaruruwa ne kawai. Sauran sun mutu a inda suke. Da farashin ruwan maɗaciyar kiwo ya faɗi, masu kiwo da dama suka rage abinci, wasu suka yanka suka sayar da maɗaciya da dagi. A Quang Ninh da yawa sun mutu da yunwa kafin gwamnati ta ba da umarnin kwashe su, kuma sama da 30 kaɗan aka tsira da su a 2015. Dokar hani da ba ta zo da wurin ajiya da kasafin kuɗi ba ta bar dabbobin a hannun mutanen da ba su da sauran riba a ciyar da su.

Hujjar da ta faɗi

Lokacin da aka fara wannan kiwo, an ce zai kare na daji. An yi lissafin cewa beyar ɗaya da ake tatsa shekara da shekaru za ta ba da abin da sai an kashe da yawa kafin a samu. Magana ce mai daɗin ji, amma abin da ya faru daban ne.

Na farko, a ƙasashe kamar Biyetnam da Laos ba a cika samun haihuwa a keji ba, don haka daga daji ake cike gurbi, kuma kafin a kama ƴaƴa galibi sai an kashe uwa. Na biyu, da ruwan ya yawaita ya yi araha, sai aka ƙirƙiro masa sababbin kasuwanni: maganin ɗigawa a ido, man basir, man goge haƙori, shayi da giya. Mutanen da ba su taɓa tunanin sa ba suka zama masu saye. Na uku, masu hannu da shuni suka ci gaba da neman na daji suna biyan tsada, suna cewa ya fi ƙarfi. Shi ya sa a 2012 babban taron ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, wanda aka yi a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, ya yi kira da kada a ƙara buɗe sababbin gidajen kiwo, a kuma rufe waɗanda ba sa bisa doka. Baƙar beyar ta Asiya na cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana har yanzu.

Hakkin masu kiwo, da wanda ya kamata ya biya

Adalci ne a faɗi cewa masu kiwon ba su faɗo daga sama ba. A Koriya ta Kudu gwamnati ce da kanta ta ƙarfafa wa manoma gwiwa su shigo da beyar daga waje a farkon shekarun 1980 domin ƙara musu kuɗin shiga. A 1985 aka hana shigowa da su, daga baya dokokin cinikin namun daji na duniya suka toshe hanyar fitar da su, manoman suka maƙale da dabbobin da ba su da kasuwa sai ta maɗaciya. A Sin ma hukuma ce ta ba da lasisi. A watan Maris na 2020 hukumar lafiya ta ƙasar ta saka wata allura mai suna Tan Re Qing, wadda ke ɗauke da garin maɗaciyar beyar, cikin jerin magungunan da ta ba da shawara ga masu fama da korona mai tsanani.

Idan hukuma ce ta buɗe ƙofa, ita ya kamata ta biya kuɗin rufewa. Koriya ta yi abu ɗaya daidai: tsakanin 2014 da 2017 ta biya aka yi wa kusan beyar 1,000 aikin hana haihuwa, yawan ya daina ƙaruwa. Amma sayen dabbobin daga hannun manoma an bar wa ƙungiyoyi, ana ta jayayya kan farashi. A 2022 wata ƙungiyar ƴan ƙasar ta ɗauki beyar 22 a jirgin sama har jihar Colorado ta Amurka, saboda babu wurin ajiye su a gida. Abin yabo ne ga ƙungiyar, abin kunya ne ga ƙasa mai arzikin Koriya ta Kudu.

Akwai haɗari a biyan diyya, domin idan aka sayi dabba da tsada wani zai je daji ya kamo wata ya kawo. Maganin wannan shi ne a bi matakan a jere: a ƙidaya, a saka shaida, a hana haihuwa, a gina wurin ajiya da kasafi na shekaru, a biya diyya sau ɗaya a karɓe lasisi, sannan a sa ranar rufewa. Duk ƙasar da ta fara da sanar da rana ta bar sauran matakan a baya, abin da ya faru a Quang Ninh yana jiran ta.

Ina ruwan ɗan Nijar?

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta beyar? Tambaya ce mai kan gado, kuma babu mai neman talakan Nijar ya aika da sefa ko ɗaya zuwa Chengdu. Amma kasuwar da ta cinye beyar ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofar Nijar, ta kan jaki.

Ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro da ake kira ejiao, wanda ake sha a matsayin maganin gargajiya a Sin. A 2016 hukumomin Nijar suka ce an fitar da jakuna kusan 80,000 cikin watannin farko na shekarar, alhali a 2015 gaba ɗaya 27,000 ne aka fitar. Farashi ya ninka har sau uku ko fiye, mai ɗibar ruwa da mai amalanke suka kasa saye, gwamnati ta hana fitarwa. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna domin fata a faɗin nahiyar. Duk da haka rahotanni sun ci gaba da nuna ana tsallakawa da su ta iyakar Najeriya.

Masu wannan ciniki suna da amsa a shirye, irin wadda aka bayar kan beyar shekara 40 da suka wuce: a yi kiwo na musamman, sai a bar na talaka. Jaka tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, kuma ita Sin ɗin da ta fi kowa bukata ta kasa kiwon da zai ishe ta, shi ya sa ta juyo Afirka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk ranar da aka kawo wa hukumomin Yamai takardar neman lasisin irin wannan kiwo, tambayar farko ita ce wa zai ɗauki nauyin rufe shi idan ya ɓaci, kuma ina kuɗin suke.

Akwai kuma abin da ya shafi ƴan kasuwa da ɗalibai masu zirga-zirga zuwa Guangzhou da sauran biranen Asiya. Magungunan da ke da maɗaciyar beyar suna nan a kantuna, wasu an rubuta Fel Ursi ko xiong dan a jerin abubuwan da aka haɗa. Ko da sayar da su halal ne a can, fita da su zuwa wata ƙasa ya saɓa wa yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda Nijar na cikinta, kuma ana iya kama mutum a filin jirgi. Likitocin da suka yi wa dabbobin tiyata sun kuma ce sun sha ganin jini da ruɓa a cikin ruwan da ake tatsa. Tsarabar da za a kai wa tsoho mai ciwon ido ko basir bai kamata ta fito daga nan ba.

Batun tausayi ma ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. Yaron da ya yi makarantar allo da islamiyya ya ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wannan ma'auni ya hau kan mai kiwon beyar a Asiya, ya kuma hau kan mai yawo da kura ko biri a ɗaure cikin kasuwa yana tallar magani.

Jill Robinson da takwarorinta sun nuna cewa dabbar da ta yi shekara 20 a keji tana iya sake tafiya, ta yi wanka, ta hau itace. Animals Asia kaɗai ta ceto fiye da 600 a Sin da Biyetnam. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da fiye da 10,000 da ke Sin, za a ga cewa sadakar masu tausayi ba za ta taɓa isa ba. Gwamnatin Koriya ta Kudu tana da kuɗin kammala ginin Seocheon da sayen waɗanda suka rage, kuma kowane wata da ta jinkirta wasu za su mutu a keji bayan doka ta riga ta ƴanta su. Sin kuwa, da ta fi kowa yawan gidajen kiwo, matakin farko da ya kamata ta ɗauka shi ne hana haihuwa a cikinsu, tun da duk ɗan beyar da aka haifa a bana nauyi ne da wani zai ɗauka har bayan 2050.